Ɗorawar Halimatu

Kasuwar Gwada,
Fabrairu, 1982.

Zuwa ga Esta, 'yar Jonah, jikar yayana,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da aikin gwamnatin da ya haɗiye ki a Minna. Ni ne Shekwolo na Tungar Dutse, in ba ki manta ba, tsohon da kika yi wa fitsari a cinya kina jaririya. Lafiyata lau, sai gwiwar hagu da ta daina jin maganata. Zamani tela ne yake rubuta mini wannan a kan keken ɗinkinsa. Na gaya masa ya sa magana yadda na faɗe ta, kada ya yi mata kalmasa.

Ubanki ban ce ki gaishe shi ba. In kin gaishe shi, da bakinki kika yi.

Amarya, ga abin da ya fito da ni kasuwa da wannan gwiwa. Shekarar da aka ce kowane yaro sai ya shiga boko, mutanenku sun zo neman fili. Kowa ya sunkuyar da kai yana duban yatsun ƙafarsa. Ni na ba da gonata ta bakin hanya, wadda doyarta sai mutum ya durƙusa yake ɗaga ta. Ƙasa na ba su, ban ba su ɗorawar da ke ciki ba. A wurinmu, ko kin manta, ƙasa dabam, itace dabam. Mutum yakan ba da gona ya riƙe itacensa, ya zo ya tsinki 'ya'yansa ko da wani ne ke noma a ƙarƙashi. A gaban Mai Unguwa na faɗa, ya ji.

Suka gina ɗakuna biyu, suka ce sauran na tafe. Sauran ba su iso ba, yara ne suka yi ta isowa. Yanzu 'yan aji ɗaya a gindin ɗorawata suke zama. Ban hana ba, ba kuma wanda ya ce mini sannu.

Makon jiya hedimasta, Malam Ndatsu, ya tara dattawa. Ya ce takarda ta zo daga ofishinku: kafin damina kada a sami yaro ko ɗaya yana karatu a gindin bishiya. Masu dubawa za su zo. Makarantar da aka samu haka, an sa ta cikin waɗanda suka gaza, ƙila ma a rufe ta a kwashe yaran zuwa Gwada. Na ce, to a gina ɗaki mana. Ya ce babu siminti. Na ce, sai me? Ya ce sai a sare bishiyar, a kafa rumfar zana da rassanta, a yi bencina da gangar jikinta. Na ce, ka kafa rumfarka ka bar mini itacena. Ya ce, Baba, in tana nan, rana na yin zafi yaran za su gudu gindinta, mai dubawa ya zo ya tarar da su.

Kin ji fa. Wai inuwar ce laifinta.

Esta, ta yi fure bana kamar ta san ana maganarta. Jajayen ƙwallaye suna lilo a kowane reshe, zuma na kuka a ciki tun safe har kan mutum ya yi nauyi. Matata Halimatu ce ta same ta tana 'yar tsiro, shekarar da na kawo ta gidana, ta kife mata yagaggen kwando saboda awaki. Allah bai ba mu haihuwa ba. Abin da ta rena shi ne ɗorawar nan da ubanki. Ɗaya ya tafi, ɗaya ta tsaya.

An ce kina zaune kusa da masu rubuta irin waɗannan takardu. Ki tambaye su me itacena ya yi musu. Ki ba Ndakotsu direban motar doya amsa, ya san ni.

Kakanki,
Shekwolo.


Minna,
Maris, 1982.

Zuwa ga Kaka Shekwolo,

Angona mai furfura, na gaishe ka da kyau. Yaya gwiwa? Na ba Ndakotsu man zafi, a shafa safe da yamma, ba a sha. Mu nan lafiya, godiya ga Ubangiji. Baba ne dai idanunsa suka ƙara dushewa tun da ya bar aikin jirgin ƙasa. Yana zaune a gida a Chanchaga. Na karanta masa wasiƙarka, ban tsallake ko layi ɗaya ba. Da na gama ya tambaye ni ko reshen nan mai kama da gwiwar hannu yana nan.

Kaka, ba zan ɓoye maka ba. Ba kusa da masu rubuta takardar nake zaune ba, ina cikinsu. Bara aka ce kowace ƙaramar hukuma ta tsara abin da take so makarantunta su kai nan da shekara. Muka zagaya ƙauyuka. Na ga yara a ƙasa suna riƙe da allo, ruwa ya sauko, karatu ya tashi har damina ta wuce. Na ga yarinyar da kunama ta harba tana cikin karatu. Da muka dawo, ni na ce a rubuta cewa kada a ƙara samun aji a gindin bishiya. Shugabanmu Mista Gaiya ya yaba, aka buga, aka aika ko'ina. Ranar har na kasa cin abinci don murna. Ina rufe ido sai in ga kwanon rufi yana walƙiya a kowane ƙauye, tun daga Gwada har bakin kogi.

Nufinmu gini ne. An ce siminti da kwano za su biyo bayan takardar. Takardar ta tafi, su ba su bi ta ba, kuma ba wanda ya janye wa'adin.

Bishiya ba ta cikin shirinmu, Kaka. Zan yi wa Mista Gaiya magana in ya dawo daga Kaduna. Ka ba Malam Ndatsu haƙuri, ka kuma yi haƙuri da shi, tsoro ne yake ji.

Ina tuna ɗorawar. Hutun da aka kawo ni ina ƙarama, Kaka Halimatu ta dama mini garinta a ƙwarya, bakina ya yi rawaya, kai kuma kana dariya kana cewa ka fasa auren.

Jikarka,
Esta.


Kasuwar Gwada,
Maris, 1982.

Esta,

Na gaishe ki. Man ya iso, yana da wari, gwiwar tana nan yadda take.

Zamani ya karanta mini takardarki, na ce ya maimaita wurin nan. Bishiya ba ta cikin shirinku. Na ji. Abin da ba ya cikin shirin gwamnati ai na san makomarsa. Tsohuwar hanyarmu ba ta cikin shiri, yanzu ciyawa ce. Zamani ya ce ba haka kike nufi ba. Na ce masa ɗinki aka sa shi ko alƙalanci?

Ashe da hannunki kika rubuta. To madalla. Uba ya bar gida, 'ya ta aiko da gatari.

Dattawa sun sake zama. Ndatsu ya ce ko itace ko makaranta. Kowa yana da jika a ciki, suka bi shi. Mai Unguwa ya ce, Shekwolo, itacenka ne, ba mu musa ba. Amma ka tsufa, ba ka da magaji, gobe ko jibi na gari zai zama. In na gari ne gobe, ka bar gari ya more shi yau. A gaban mutane ya faɗa mini haka, mutumin da na koya wa riƙon garma.

Na ce, na ji, amma tun kakanni ba a sare itace da ciki. Furen ya zube, ta fara fitar da 'ya'ya, kore shar, sirara kamar yatsun jariri. Wa zai ɗora mata gatari a haka? Aka tsaya a kan cewa sai an tsinke ɗorawar bana, sannan a sare. Mai itace kuwa shi ke cewa a tsinka. Kin gane.

Yanzu can nake yini. Ina shimfiɗa buzuna a bayan yaran, malamarsu Felicia tana faɗa suna amsawa, kamar kwaɗi bayan ruwa. Ban san abin da suke cewa ba, amma yana sa barci. Shekaranjiya da rana tsaka na gyangyaɗa, sai ga Halimatu ta fito daga bayan itacen, da ƙwarya a kafaɗa yadda matanmu suke ɗauka, cike da ɗorawa. Ba ta tsufa ba. Ta bi ta tsakanin yaran ba ta taka kowa ba. Na ce, sauke mana ki huta. Ta ce, wa zan sauke wa? Na farka, ganye na zuba a kan allon Felicia.

Na yi tunani har na gaji. Ga abin da na yanke, kuma na faɗa a gaban Mai Unguwa jiya: na ba ki ɗorawar. Ke, Esta, ba ubanki ba. In tana da magajiya, ba ta gari ba ce, ba mai taɓa ta sai da bakinki. In kin ga dama ki zo ki sare ta da kanki, tun da ke kika iya shiri.

Amma ba a karɓar itace a takarda. Sai kin zo, kin miƙa hannu kin tsinki ta farko a gaban dattawa, kin ɓare, kin ɗanɗana. In ba haka ba, maganata iska ce. Zan riƙe tsinka har ki zo.

Kada ki sa takalmin nan mai tsini, hanyar ba ta gwamnati ba ce.

Shekwolo.


Kasuwar Gwada,
Afrilu, 1982.

Esta,

Gaisuwa. Ko kina lafiya ko ba kya lafiya ban sani ba, tun da ba ki ga dama kin faɗa ba. Kasuwa ta ci ta sake ci, Ndakotsu yana zuwa hannu rabbana. Ya ce ya miƙa takardata a ƙofar ofishinku. In ba kya son kyautar, ai sai ki ce ba kya so. Gidanku kun saba, shiru kuke yi wa mutum. Ranar da muka binne Halimatu ma haka na yi ta duban hanya, ubanki bai zo ba.

Ɗorawa ta nuna. Ta yi ja-ja ta bushe, in iska ta taso sai ki ji tana kaɗawa kamar mata masu rawa da kacau-kacau a ƙafa. Kowace bishiya a ƙauyen an tsinke, sai tawa. Matan da suke taya ni tsinka don su sami kalwar daddawa sun zo da gorarsu, na ce su koma. Sun ce na haukace. Birai sun gane, suna saukowa daga dutse da sassafe, ni da sandata muke gadi.

Hadari ya fara haɗuwa ta gabas da yamma-yamma. Kin san in ruwa ya dake ta a sama, garin ya yi baƙi, ba sauran amfani. In ta lalace kuma ba ta da ciki ke nan, dattawa ba za su ƙara jira ba. Ndatsu ya riga ya yi magana da mai gatari. Na ga mutumin ya zo yana zagaya ta yana auna ta da hannu, kamar mahauci a kasuwar shanu.

Shi Ndatsun ya zo ya zauna kusa da ni rannan. Ya ce, Baba, ka ɗauka daɗi nake ji? Ni ma a nan nake cin abincin rana. Amma in aka ce makarantata ta gaza, ni za a cira a jefa wani daji, ga iyali. Na ba shi goro. Ban ba shi itace ba.

Kwanakin nan in na lumshe ido a gindinta sai in ga abin mamaki. Ina ganin yaran nan sun girma, sun yi gemu, suna saukowa daga manyan motoci, suna neman inda suka koyi karatu. Su duba nan, su duba can, fili fetal, sai rana. Su ce ko ba nan ba ne, su koma motocinsu. Wani lokaci kuma in ga itacen ya tashi da saiwoyinsa, ya bi titin Minna a hankali, yaran suna biye da shi cikin inuwa, har ƙofar ofishinku. Ya tsaya yana jira a ce ya shigo.

Ni dai ina nan. In ruwa ya riga ki, shi ke nan.

Shekwolo.


Minna,
Afrilu, 1982.

Kaka,

Na gaishe ka. Ka yafe mini, ba shiru na yi maka ba. An tura mu rangadin makarantu, jiya na dawo na tarar da wasiƙunka biyu a kan teburina. Lafiyata lau, sai gajiya.

Zamani ya fi ka gaskiya. Da na ce bishiya ba ta cikin shirinmu, nufina ba mu taɓa cewa a sare ko ɗaya ba. Amma bayan abin da na gani a rangadin nan, ban san ko wannan maganar tana da amfani ba. Makaranta bayan makaranta, kututture na tarar. Mangwaro, kaɗanya, wata tsamiya da aka ce ta girmi ƙauyen. Yara a cikin rumfar zana, zufa na zuba, hedimasta yana murmushi yana ce mini, Madam, mun cika umarni. A wani wuri na zauna a kan kututturen, yana ta fitar da ruwa har ya ɓata mini zane. Na kasa rubuta komai.

Na gaya wa Mista Gaiya. Ya ce ya gane, amma an riga an gaya wa na sama cewa yankinmu zai cika wa'adi, ba ya son makaranta ko ɗaya ta ɓata lissafin. Na ce masa an ba ni ɗorawa a Tungar Dutse. Ya cire tabarau ya ce, Esta, ke kika kawo shirin nan. In aka ji ke ce kika hana shi cika, ba zan iya tare miki ba. Na tambaye shi ko da gaske za a rufe makaranta saboda wannan. Ya ce ba wanda ya taɓa faɗin haka, tsoro ne ya ƙara wa takardar gishiri a hanya.

Na karɓi kyautar, Kaka. Zan zo ranar Asabar mai zuwa.

Amma ni ma ina da sharaɗi, tun da jininka ce ni. Ba zan zo ni kaɗai ba, da Baba zan zo. Ka ce bai zo jana'izar Kaka Halimatu ba. Shi kuma ya ce ranar da ya koma coci ka tsaya a ƙofa ka ce kada ƙafarsa ta sake taka gidanka, har bayan ranka. Ya ce da labarin rasuwar ya same shi ya shiga mota har Gwada, ya zauna a tasha yini guda, ya koma. Ban san wa ya fi wani taurin kai ba, ba kuma shari'a zan yi muku ba. Idanunsa sun kusa tafiya. Yana so ya ga itacen tun yana iya ganin wani abu.

In ka ce a'a, ka aiko Ndakotsu kafin Asabar. Sai in san ɗorawar ba ta kai fushinka nauyi ba.

Jikarka,
Esta.


Gwada,
Afrilu, 1982.

Esta,

Yau ba kasuwa, har gida na bi Zamani na tashe shi daga cin tuwo.

Daga gidana na kore shi, ban kore shi daga makabarta ba. Wannan ya sani, in bai sani ba ya tambaya.

Abin da na faɗa a ƙofata yana nan, ban janye ba. Amma ɗorawa ba a gidana take ba, a bakin hanya take. Wanda ya ga dama ya tsaya a gindinta, ko biri ma yana tsayawa.

Ku taho da wuri. Jiya an yi yayyafi, na ji ƙamshin ƙasa.

Shekwolo.


Kasuwar Gwada,
Yuni, 1982.

Zuwa ga Esta, mai ɗorawa, a Kagara,

Amarya, gaisuwa mai yawa. Ndakotsu ya ce an ɗauke ki daga Minna an kai ki Kagara, wai can ake bukatarki. Na san irin wannan bukatar. Ya ce ɗakin da aka ba ki yana yoyo. Ki sa kwano a ƙarƙashi, ruwan sama ba ya kashe jikar manomi. Ni lafiya, gwiwa ta ɗan saki, amma ba don manki ba.

Har yanzu mata suna dariyar yadda kika tsinki ta farko. Na ce kada ki sa takalmi mai tsini, kika sa. Kika yi tsalle kamar akuya mai ciki, sai da ubanki ya lalubo reshen nan mai gwiwar hannu ya janyo miki shi ƙasa. Mutumin da ba ya ganin fuskata, ya tafi kai tsaye wurin reshen kamar jiya ya bar shi. Bakinki ya yi rawaya a gaban dattawa. Na so in ce na fasa auren, na ga ba wurin wasa ba ne. Da kika juya kika ce wa Ndatsu, itacena ne, ba a sare shi, in mai dubawa ya tambaya a ce ni na hana, na ga Mai Unguwa yana neman inda zai sa idonsa.

Ga abin da ya faru bayan kin hau mota. Kin bar ubanki, kin ce zai kwana biyu a wurin ɗan'uwan uwarsa. Bai tafi can ba. Ya zauna a gindin itacen, mata na tsinka, yana tara musu da lalube. Ni ina gefe guda, shi yana gefe guda. Ban yi masa magana ba. Aka gama tsinka da la'asar, ƙwarya ta ƙarshe na barin wurin sai sama ta tsage. Ruwa kamar da bakin ƙwarya. Kowa ya gudu. Na kai ƙofar gidana na waiwaya, yana tsaye shi kaɗai yana juyawa, bai san ina ne gabas ba.

Zamani ya ɗaga kai yana kallona. Kai Zamani, rubuta abin da na ce. Ruwa ne ya shigar da shi gidana, ba ni ba. Ni sandata kawai na miƙa masa, ya kama bakinta.

Mai dubawa ya zo bayan mako biyu, da farar riga. Ya tarar da 'yan aji ɗaya a gindin itace, da Felicia, da ni, da ubanki. Ya tambayi Ndatsu, waɗannan tsofaffin fa? Ndatsu ya ce masu gadin itacen Madam ne. Ya rubuta abin da ya rubuta. An ce makarantarmu ce kaɗai ta gaza a yankin nan. Ba a rufe ta ba, ba a ɗauke Ndatsu ba, ke aka ɗauke. Shi yanzu yana gaishe ni da hannu biyu, yana cin abincinsa a inuwar da ya so ya sare.

Kada ki ɗauka magana ta ƙare. In ruwa ya sauko yaran suna cusuwa a barandar aji biyu kamar kaji, rabinsu a jiƙe. Gaskiyarki ce tun farko, suna bukatar ɗaki. Ki ci gaba da rubuta musu daga Kagara, tun da kin iya. Akwai fili ta gabas da itacen, inda inuwa ba ta kaiwa da safe. Can za a gina. Ki sa wannan a shirinku.

Na ba Ndakotsu rabonki: gari a ƙullin leda, da daddawar da matan suka yi da kalwarki. Ba ta kai ta Halimatu ba, amma ta ciwu. Baɗi ke za ki ce a tsinka, ba ni ba. Mai itace ba ya aiko da saƙo, zuwa yake yi.

Ubanki yana nan. Yana ci da yawa, yana munshari, yana addu'arsa ta coci a ɗakin Halimatu, ni ina sallata a waje. Ya ce in gaishe ki. Na ce masa maganata ta ƙofa tana nan, ruwa ne dai bai ɗauke ba tukuna. In damina ta wuce ma gani.

Jiya da rana na sake gyangyaɗawa a gindinta, yaran suna ta amsa wa Felicia. Halimatu ta fito daga bayan itacen da ƙwaryarta a kafaɗa. Ta dubi ubanki yana barci da baki buɗe, ta dube ni. Wannan karon ban ce ta sauke ba. Ta sauke ƙwaryar a tsakaninmu, ta zauna.

Kakanki,
Shekwolo.